Yadda Saƙo Yake Samun Hanyarsa a Intanet

A ce kana zaune a unguwar Tudun Wada a cikin garin Gombe. Ka ɗauki hoton takardar sakamakon jarrabawarka da waya, ka aika wa yayarka da take zaune a Fatakwal. Kafin ka mayar da wayar aljihu, har ta gani ta yi maka barka. Da a mota ka ba da takardar nan, da sai ta yini tana tafiya, wataƙila ma ta kwana a hanya. To, ta ina hoton ya bi? Wa ya nuna masa inda zai karya a kowace mararraba, alhali ba direba, ba yaron mota? Wannan aikin wata na'ura ne da ake kira rauta, jam'inta rautoci. A wannan darasi za ka ga yadda take zaɓen hanya.

Saƙo a gutsuttsure

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, hoton ba ya tafiya a dunƙule. Wayarka tana yanyanka shi ƙanana-ƙanana, kowane yanki ana kiran sa fakiti. Yawanci fakiti ba ya wuce bayit 1,500. Hoton da nauyinsa ya kai bayit miliyan 3 zai tashi fakiti kimanin 2,000 ke nan. A goshin kowane fakiti akwai adireshi biyu, na mai aikawa da na wanda aka aika wa, kamar yadda ake rubutawa a bayan ambulan. Masana biyu ne suka fara fito da wannan dabara a shekarun 1960, kowa a ɓangarensa: Paul Baran a Amurka da Donald Davies a Ingila. Davies ne ya raɗa wa yankin saƙon sunan fakiti.

A zamanin da, in fatake za su tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, suna da madugu. Shi ya san hanya tun daga farko har ƙarshe, ya san inda ruwa yake, ya san inda 'yan fashi suke tarewa. Fakiti ba shi da madugu. Lamarinsa ya fi kama da saƙon da ka kai tasha. Ka ba ɗan kamasho a Gombe, ya duba sunan garin da aka rubuta, ya sa a motar Bauci. A Bauci wani ya karɓa ya sa a motar Jos. Kowannensu abin da ya sani shi ne motar da za ta matsar da saƙon kusa da inda za shi. Haka rauta take. In fakiti ya iso, sai ta karanta adireshin da za shi, ta miƙa shi ga rauta ta gaba, shi ke nan ta gama da shi. Tafiya daga wata rauta zuwa mai bi mata ita ce za mu riƙa kira zango.

Ƙaramin akwatin nan mai ƙyaftawar fitila da kake gani a shagon intanet ko a ofishin makaranta, rauta ce. Amma akwai manya, waɗansu sun kai girman firji, suna ɗakunan kamfanonin sadarwa inda ba a kashe na'urar sanyaya ɗaki, kuma suna tura miliyoyin fakitoci a cikin daƙiƙa ɗaya.

Jadawalin hanyoyi

Kowace rauta tana da ƙofofi da yawa, kowace ƙofa tana haɗe da wata waya ko wata hanya ta iska. Tana kuma riƙe da wani jadawali a cikin ƙwaƙwalwarta. Kowane layi na jadawalin yana cewa ne: fakitin da za shi wuri kaza, a fitar da shi ta ƙofa kaza.

Adireshin intanet, wato adireshin IP, a tsarinsa na da wanda har yanzu aka fi amfani da shi, lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kamar 10.20.30.7. Adireshin da za a iya samu a wannan tsari sun haura biliyan 4, saboda haka ba rautar da za ta rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Sai ta riƙa rubuta su rukuni-rukuni, ta hanyar lambobin farko. Wani layi zai ce, duk adireshin da ya fara da 10.20 ya bi ƙofa ta ɗaya. Wani kuma ya ce, duk wanda ya fara da 10.20.30 ya bi ƙofa ta biyu.

Ga fakiti ya zo, za shi 10.20.30.7. Ya dace da layi na farko, ya kuma dace da na biyu. Wanne za a bi? Ƙa'idar ita ce, layin da ya fi dacewa da adireshin da tsawo shi ne ke rinjaye. Fakitin zai fita ta ƙofa ta biyu. Dalilin a fili yake. In kana neman wani gida, mutum ɗaya ya ce maka, "Yana Jihar Gombe," wani kuma ya ce, "Yana Jekadafari, bayan masallaci," ai ka san wanda za ka bi. Ka riƙe wannan ƙa'ida da kyau, domin ita ce ake dubawa kafin kowace, kuma nan gaba za ka ga irin ɓarnar da ta taɓa jawowa.

In kuma rauta ta duba jadawalinta kaf ba ta ga layin da ya dace ba fa? Yawancin ƙananan rautoci suna da wani layi na ƙarshe mai cewa, duk abin da ban sani ba, a miƙa wa na sama da ni. Rautar makarantarku kusan wannan layin kaɗai take rayuwa a kai. Ta san kwamfutocin da suke cikin makaranta, sauran duniya kuwa ta bar wa kamfanin da ya ba ta intanet. Matambayi ba ya ɓata.

Wa yake rubuta jadawalin?

Waɗansu layukan rauta da kanta take sanin su, domin wayoyin a jikinta suke. Waɗansu injiniya ne yake zama ya rubuta da hannu. Wannan yana isa a ƙaramin wuri. Amma ka dubi kamfanin da yake da rautoci ɗari-ɗari daga Maiduguri zuwa Legas. Masu aikin titi suna iya tsinke wayar gilashi da ke binne a gefen hanya da tsakar rana, wuta tana iya ɗaukewa a wata tasha da tsakar dare. In sai an jira mutum ya farka ya gyara jadawali, an yi asara. Don haka aka koya wa rautoci su riƙa ba juna labari da kansu, bisa waɗansu ƙa'idoji da aka amince da su.

Ɗaya daga cikin tsofaffin ƙa'idojin ita ce RIP. Hikimarta ba ta da zurfi: a ƙirga zango, hanyar da ta fi ƙarancin zango ita ce mafi kyau. Bayan kowace daƙiƙa 30, rauta tana gaya wa maƙwabtanta wuraren da ta sani da yawan zangon da ke tsakaninta da su. Maƙwabciya ta ƙara ɗaya a kai, ta gaya wa na gaba. Hanyar da ta wuce zango 15 ana ɗaukan ta tamkar babu ita.

Aibin wannan lissafi shi ne, zango ba ɗaya ba ne da zango. Direban da zai tashi daga Gombe zuwa Kano yana iya bi ta Dukku da Darazo, yana kuma iya bi ta Alkaleri da Bauci da Ningi. Ba yawan garuruwan da ke kan hanya yake ƙirgawa ba. Yana tambayar lafiyar titi ne, da yawan ramuka, da shingaye. A duniyar sadarwa bambancin ya ma fi haka girma. Tauraron ɗan'adam irin wanda yake tsaye a saitin wuri ɗaya yana da nisan kilomita kusan 36,000 daga ƙasa. Saƙon da ya bi ta kansa ya je, amsa ta dawo, ya ci rabin daƙiƙa ko fiye. Haske kuwa a cikin wayar gilashi yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, saboda haka tafiyar kilomita 1,000 ba ta fi kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. RIP za ta zaɓi zango ɗaya ta tauraro ta bar zango uku ta wayar gilashi, ta kuma ɗauka ta yi dabara.

Lissafin Dijkstra

Shi ya sa manyan kamfanoni suka koma ga waɗansu ƙa'idoji, irin su OSPF. A nan kowace hanya da ke tsakanin rautoci biyu ana sa mata lamba, ana kiran ta tsada. Ba kuɗi ake nufi ba. Hanya mai faɗi, wadda take ɗaukar bayanai da yawa a lokaci guda, tsadarta kaɗan ce. Ƙuntatacciyar hanya kuwa tsadarta da yawa. Kowace rauta tana shelanta wa dukan 'yan'uwanta na cikin kamfanin hanyoyin da suke jikinta da tsadar kowace. Da haka kowa yake samun taswira iri ɗaya ta kamfanin gaba ɗaya. Daga nan sai kowace ta zauna ta yi lissafi, tana ɗaukar kanta a matsayin mafari.

Lissafin da suke yi wani masani ne ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya ƙirƙiro shi a 1956, ya wallafa a 1959, tun kafin a san za a yi wani abu wai shi intanet. Bari mu gwada shi da lambobin da muka ƙaga don misali kawai. A ce wani kamfani yana da rautoci a Gombe, Bauci, Jos, Kano da Abuja. Tsadar Gombe zuwa Bauci 10 ce. Bauci zuwa Jos 10, Jos zuwa Abuja 10. Akwai wata tsohuwar hanya kai tsaye daga Gombe zuwa Kano mai tsada 25. Bauci zuwa Kano 10, Kano zuwa Abuja 15.

Rautar Gombe za ta fara da maƙwabtanta: Bauci 10, Kano 25. Sai ta ɗauki mafi araha, wato Bauci, ta tabbatar da ita, domin ba wata hanyar da za ta kai Bauci a ƙasa da 10. Daga Bauci sai ta leƙa gaba. Jos ta zama 20. Kano ma ta Bauci 20 ce, wadda ta fi 25 sauƙi, saboda haka sai ta soke 25 ta rubuta 20. Ka lura, hanyar da take da zango biyu ta kayar da mai zango ɗaya. Yanzu saura Abuja. Ta Jos, 20 da 10, ya zama 30. Ta Kano, 20 da 15, ya zama 35. An zaɓi ta Jos. Abin da zai shiga jadawali a ƙarshe gajere ne: fakitin Abuja, a ba Bauci.

To, a ce wayar da ke tsakanin Bauci da Jos ta tsinke. Rautocin OSPF suna gaisawa da maƙwabtansu a kai a kai, bisa al'ada duk bayan daƙiƙa 10. In aka yi daƙiƙa 40 ba a ji gaisuwar maƙwabciya ba, sai a ɗauka hanyar ta mutu. Sau da yawa ma ba a jira haka, domin rauta tana ganin hasken wayar ya ɗauke nan take. Bauci za ta yi shela, kowa ya gyara taswirarsa, ya sake lissafi. Fakitin Abuja yanzu zai bi Bauci, Kano, Abuja, a kan tsada 35. Kai da kake riƙe da waya a Tudun Wada da wuya ka san an yi wani abu. Gwada da kanka: in wayar Gombe zuwa Bauci ce ta tsinke, nawa ne tsadar zuwa Abuja, kuma ta ina fakitin Bauci zai bi?

Akwai ɗan lokacin da labari bai gama zagayawa ba, wata rauta tana aiki da sabuwar taswira, wata da tsohuwa. A irin wannan lokaci fakiti yana iya zama ƙwallo, wannan ta tura wa waccan, waccan ta dawo da shi. Don kada ya dawwama yana kewaye, an sa wata lamba a goshinsa, sau da yawa 64 ko 128. Kowace rauta da ya ratsa tana rage ɗaya. In lambar ta kai sifiri, sai a jefar da shi, a aika wa mai shi labari.

Tsakanin kamfani da kamfani

Duk abin da muka faɗa a kan OSPF a cikin gida ɗaya yake aiki. Amma intanet ba gida ɗaya ba ce. Taron dubban yankuna ce masu cin gashin kansu: kamfanonin waya, jami'o'i, bankuna, hukumomin gwamnati. Kowane yanki yana da lambarsa. Ta MTN Najeriya 29465 ce, ta Google 15169. A nahiyar Afirka, hukumar AFRINIC da ke tsibirin Morishus ita ce take raba waɗannan lambobi tare da adireshin IP.

Yankunan nan ba sa nuna wa juna taswirar cikin gidansu. Ƙa'idar da suke magana da ita sunanta BGP. Injiniyoyi biyu, Kirk Lougheed da Yakov Rekhter, su suka zana ta a 1989, a kan takardun goge baki a wurin cin abinci. A BGP, yanki yana gaya wa maƙwabcinsa ne, "Ina iya kai ka ga rukunin adireshi kaza, kuma ga jerin yankunan da za a ratsa." Maƙwabcin ya ƙara lambarsa a jerin, ya gaya wa na gaba. In rauta ta ga lambar yankinta a cikin jerin da aka kawo mata, sai ta ƙi karɓa, don ta san hanyar kewaye ce za ta dawo gida. Manyan rautocin duniya a yau suna riƙe da layuka fiye da 900,000 na irin wannan labari.

A nan ne ma'anar "hanya mafi kyau" take sauyawa. Za ka zaci jerin da ya fi gajarta shi ne zai yi nasara. Ana duba wannan, amma ba shi ne na farko ba. Kafin shi ana duba fifikon da kamfanin ya sa da kansa, kuma fifikon nan maganar kuɗi ce. Kamfani ya fi son tura fakiti ta wurin wanda yake biyan sa. In babu, sai ta wurin takwaransa da suka yi yarjejeniyar musaya ba tare da biya ba. Sai in duk babu ne zai tura ta wurin babban kamfanin da shi yake biya. Saboda haka hanyar da fakitinka ya bi ba lallai ta zama mafi kusa ko mafi sauri ba. Ita ce dai wadda ta fi yi wa kamfanin daɗi a aljihu. Wanda ya san kasuwa ba zai yi mamakin wannan ba.

Wannan ya taɓa sa Najeriya cikin wani hali mai ban takaici. A da, in mutum biyu suna gari ɗaya amma kamfanoninsu daban, saƙon ɗaya yana iya zuwa Turai ko Amurka kafin ya dawo wurin ɗayan, domin a can ne kawai kamfanonin biyu suke haɗuwa. An biya kuɗin waje, an kuma ɓata lokaci. Maganin abin shi ne a samar da mahaɗa a cikin gida, ɗaki guda inda kamfanoni za su jona wayoyinsu su yi musaya kai tsaye. Cibiyar IXPN ita ce take wannan aiki a Najeriya. Ta fara a Legas, daga baya ta buɗe rassa a waɗansu garuruwa, ciki har da Abuja, Fatakwal, Inugu, Kano da Gombe. Amfanin mahaɗa yana ƙaruwa ne gwargwadon yawan kamfanonin da suka yarda suka shigo cikinta.

Ranar da hanya ta yanke, da ranar da aka yi ɓatan kai

Yawancin abin da ke fita daga Najeriya zuwa ƙetare yana bi ne ta wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, waɗanda suka sauka a gaɓar Legas. A ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, ana cikin azumin Ramadan, huɗu daga cikinsu suka lalace a tekun da ke kusa da Kwaddibuwa: WACS, MainOne, SAT-3 da ACE. Intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, harkokin bankuna suka tsaya wa mutane da yawa a Najeriya. Rautoci sun yi abin da aka gina su don shi. Sun janye hanyoyin da suka mutu, suka karkata zuwa wayoyin da suka tsira, irin su Equiano ta kamfanin Google, wadda ta iso Legas a 2022. Amma rauta ba ta ƙirƙirar hanya, zaɓe kawai take yi a cikin waɗanda ke akwai. Kamfanin da ya riga ya tanadi hanya ta biyu ya farfaɗo da wuri. Wanda bai tanada ba sai da ya nemi wuri a wayar wasu, gyaran wayoyin kuwa ya ɗauki makonni.

Matsala ta biyu ta fi wannan wuyar ganewa. An gina BGP a kan amana: abin da maƙwabci ya faɗa, ana ɗauka gaskiya ne. A ranar 24 ga Fabrairu 2008, kamfanin sadarwa na Pakistan ya so ya toshe YouTube a cikin ƙasarsa. Sai ya shelanta wani rukunin adireshin YouTube wanda ya fi na YouTube ɗin kansa tsawon dacewa. Shelar ta tsallake iyaka ta bazu a duniya. Ka tuna ƙa'idar Jekadafari? Rautoci suka bi wanda ya fi ba da cikakken kwatance, fakitoci suka yi ta kwarara Pakistan suna ɓacewa, YouTube ta ɗauke a yawancin duniya na kusan awa 2.

Irin wannan ya faru a gida ma. A ranar 12 ga Nuwamba 2018, kamfanin MainOne na Legas, wanda yake musaya da Google a mahaɗar IXPN, ya yi kuskure wajen saita rautocinsa. Hanyoyin Google da ya kamata su tsaya a wurinsa sai ya shelanta su ga wani kamfanin ƙasar Sin, daga can suka wuce ga wani na Rasha, suka bazu. Na kimanin minti 74, fakitocin mutane da yawa masu neman Google suka kama hanyar Rasha da Sin, da yawansu ba su isa ba. MainOne ya fito ya ce kuskure ne, ya kuma gyara. Saboda irin waɗannan abubuwa ne kamfanoni suke ƙara tace shelar da suke karɓa daga maƙwabta, suna kuma amfani da wani tsari mai suna RPKI, wanda yake ba rauta damar tabbatar da cewa yankin da ya ce adireshi nasa ne, da gaske nasa ne.

Gani da ido

Kana iya ganin zangunan nan da kanka a ɗakin kwamfuta na makarantarku. A kwamfuta mai Windows, ka roƙi malaminku ya buɗe maka baƙin allon nan da ake rubuta umarni, ka rubuta tracert, ka ba da tazara, sannan ka sa sunan wani shafin intanet. Dabarar da umarnin yake amfani da ita ita ce lambar nan ta goshin fakiti. Yana aika fakiti mai lamba 1, rauta ta farko ta rage ya zama sifiri, ta jefar, ta aiko da labari, da haka ta bayyana kanta. Sai ya aika mai lamba 2, ta biyu ta bayyana, haka har a kai ƙarshe. Kowane layi da ya fito zango ɗaya ne, tare da lokacin da aka ɗauka a je a dawo. Wani layin za ka ga taurari kawai, wato rautar wurin ba ta amsa ba. Ka gwada shafin wata jami'a ta Najeriya, sannan ka gwada na wata a Ingila. Ka rubuta yawan zangon kowanne a littafinka, ka kuma nemi layin da lokaci ya yi tsalle farat ɗaya da kusan kashi 100 cikin 1,000 na daƙiƙa. A nan ne fakitinka ya shiga teku. In ka ga irin tsallen nan a shafin jami'ar Najeriya ma, to babbar kwamfutar da take riƙe da shafin tana ƙasar waje, ko kuma kamfanonin biyu ba su haɗu a gida ba. Kashegari ka sake gwadawa, ka kwatanta da abin da ka rubuta.